Daga Barikin Dodan Zuwa Maitama: Yadda Aka Kafa Gwamnatin Da Ta Yi Yaƙin Basasa

Duk mutumin da wata bukata ta taɓa kai shi unguwar Maitama a birnin Abuja, da wuya ya fito bai bi ta kan titin Aguiyi Ironsi ba. A farkon titin ne babban otal ɗin nan na Transcorp Hilton yake. In aka gusa gaba sai a tarar da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da na Hukumar Jami'o'i, sa'an nan in aka ratse wani ɗan titi da ke manne da shi, ga hedkwatar Hukumar Bautar Ƙasa, wadda aka raɗa wa gininta suna Gidan Yakubu Gowon. Hedkwatar Hukumar Zaɓe ma a cikin unguwar take.

Watau ke nan ɗan kasuwar da ke zaune a Agege ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Shagamu, in ɗansa ya gama jami'a, hukumar da za ta faɗi jihar da zai tafi bautar ƙasa a Maitama take. Ranar da shi kansa zai fita jefa ƙuri'a, a Maitama ake tsayar da ita. To, yaya aka yi ƙasar da a da take da gwamnatoci masu ƙarfi a Kaduna da Badun da Inugu da Binin, kowace da Firimiyanta da majalisarta da taskarta, ta koma ƙasar da kusan kowane babban hukunci sai an ɗaga kai an dubi wuri ɗaya?

Amsar tana cikin waɗannan sunaye biyu, na titin da na ginin. Tana kuma cikin barikin Dodan da ke Ikoyi, daura da Obalende inda mutanen Ikko suka saba zuwa cin tsire. A can ne aka harhaɗa gwamnatin da ta yi yaƙin basasa tsakanin 1967 da 1970, kuma an harhaɗa ta ne cikin gaggawa, ana gini wuta tana ci.

Doka Mai Lamba Ɗaya

Da asubahin ranar Asabar 15 ga watan Janairu 1966, cikin watan azumi, waɗansu ƙananan hafsoshin soja suka kashe Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Firimiyan Jihar Arewa Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, da Firimiyan Jihar Yamma Cif Akintola, da Ministan Kuɗi Cif Okotie-Eboh, tare da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Juyin bai kai inda masu shi suka nufa ba, amma kashegari ministocin da suka rage suka miƙa mulki ga shugaban sojoji, Manjo-Janar Aguiyi Ironsi.

Abin da Ironsi ya fara yi shi ne kafa dokar soja mai lamba 1 ta 1966, kuma duk mulkin sojan da aka yi a Nijeriya bayansa a kan wannan tubali aka ɗora shi. Dokar ta rufe majalisun dokoki na tarayya da na jihohi. Ta kafa Majalisar Ƙoli ta Soja da Majalisar Zartaswa ta Tarayya. Ta ce da zarar shugaba ya sa hannu a takarda ta zama doka, haka nan gwamna a jiharsa. Daɗin daɗawa, ta hana kowace kotu sauraron ƙarar da ke neman a duba ingancin dokar soja. Aka naɗa gwamnoni huɗu: Hassan Usman Katsina a Arewa, Adekunle Fajuyi a Yamma, Odumegwu Ojukwu a Gabas, David Ejoor a Yamma ta Tsakiya.

Ranar 24 ga Mayu 1966 Ironsi ya haramta jam'iyyun siyasa da ƙungiyoyin ƙabila, ya kuma kafa doka mai lamba 34 wadda ta rushe tsarin tarayya, ta nemi haɗe ma'aikatan gwamnati wuri guda. Mutanen Arewa suka ɗauki wannan a kan shiri ne na mamaye su. Cikin kwana biyar tarzoma ta ɓarke a Kano da Zariya da Kaduna da waɗansu garuruwa, ana kiran "a raba", aka kashe 'yan ƙabilar Ibo da dama. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi nasu juyin, aka kashe Ironsi da mai masaukinsa Fajuyi a Badun.

Kwana Uku Babu Shugaba

Daga 29 ga Yuli zuwa 1 ga Agusta Nijeriya ba ta da shugaba. Wanda ya fi kowa girman muƙami a lokacin shi ne Birgediya Ogundipe, amma ya ba da umarni ƙananan sojoji sun ƙi bi, sai ya janye, daga baya aka tura shi jakadanci Ingila. Sojojin da suka yi juyin suna barikin Ikeja, kuma da yawa daga cikinsu niyyarsu ita ce su kwashi iyalansu su koma gida, Arewa ta ɓalle. Manyan sakatarorin ma'aikatu da manyan alƙalai ne suka yi ta kai da kawowa suna nuna musu asarar da ke cikin haka, jakadun Ingila da Amurka kuma suka ba da irin wannan shawara.

Daga wannan zama ne aka fito da Laftanar-Kanar Yakubu Gowon, saurayi mai shekara 31, Kirista ɗan ƙabilar Angas wanda ya tashi a Wusasa kusa da Zariya, yana jin Hausa kamar kowane Bazazzagi. Akwai waɗanda suka girme shi a aikin soja, amma shi ne wanda masu riƙe da bindigogi suka yarda su bi. Ojukwu ya ce shi bai san da wannan naɗi ba, domin an tsallake tsarin girma na soja. Tun daga ranar farko ke nan gwamnatin Gowon ta tashi da gurguwar ƙafa: tana da iko a takarda, amma a jiha ɗaya daga cikin huɗu ba a jin maganarta.

Gowon ya soke doka mai lamba 34, ya saki Cif Obafemi Awolowo daga kurkukun Kalaba, ya saki Cif Anthony Enahoro, ya kira taron tsara makomar ƙasa a Ikko cikin Satumba. Ana cikin taron sai kashe-kashe suka sake tashi a Arewa, waɗanda suka fi na Mayu muni. Dubban mutanen Gabas suka hallaka, fiye da miliyan ɗaya suka gudu gida. Cikin Oktoba Ojukwu ya umarci duk wanda ba ɗan Gabas ba ya bar jihar. 'Yan Arewa masu fataucin shanu da goro da suka shekara da shekaru a Anacha da Aba da Fatakwal suka bar dukiyoyinsu, waɗansu ma sun rasa rayukansu. Wannan kuwa a ƙasar da shekara goma kafin nan mutanen Inugu suka zaɓi Malam Umaru Altine, Bafillace daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garinsu.

Aburi Da Ranar 27 Ga Mayu

Ranakun 4 da 5 ga Janairu 1967 shugabannin sojan suka haɗu a Aburi ta ƙasar Gana, a ƙarƙashin inuwar Janar Ankrah. Ojukwu ya je da shiri, ya dawo da yarjejeniyar da ta kusa mai da kowace jiha mai cin gashin kanta. Da takardar ta iso Ikko manyan sakatarori suka duba ta, suka rubuta wa Gowon cewa in aka bi ta yadda take, gwamnatin tsakiya ta zama hoto. Cikin Maris aka kafa doka mai lamba 8, wadda ta ba gwamnoni iko mai yawa, amma ta bar ƙofar da za a iya kafa dokar ta-ɓaci a jiha ko da gwamnanta bai yarda ba. Ojukwu ya ƙi ta, ya kuma ba da umarnin a riƙa zuba kuɗin harajin tarayya da aka tara a Gabas cikin taskar Inugu.

'Yan Arewa mazauna Ikko da Jihar Yamma sun shiga zullumi a wannan lokaci, domin shugabannin Yamma suna neman a kwashe sojojin Arewa daga ƙasarsu, Awolowo kuma ya faɗa a fili ranar 1 ga Mayu cewa in aka bar Gabas ta fita, Yamma ma ba za ta zauna ba.

Ranar 27 ga Mayu 1967 Gowon ya yi jawabi ta rediyo, ya yanke hukunci uku a tashi ɗaya. Ya kafa dokar ta-ɓaci a ƙasa duka. Ya janye ikon da doka mai lamba 8 ta ba gwamnoni, ya tattara shi a hannunsa. Sa'an nan ya rushe manyan jihohin nan huɗu ya yanka ƙasar zuwa jihohi 12. Arewa ta kasu shida: Arewa maso Yamma aka ba Usman Faruk, Arewa ta Tsakiya Abba Kyari, Kano Audu Bako, Arewa maso Gabas Musa Usman, Binuwai da Filato Joseph Gomwalk, sai wadda aka sani da Kwara aka ba David Bamigboye. Uku daga cikinsu, Faruk da Bako da Gomwalk, hafsoshin 'yan sanda ne, domin hafsoshin soja sun yi ƙaranci.

Wannan yanka dabarar yaƙi ce tun ba a harba harsashi ba. An kasa Gabas uku, aka ba ƙananan ƙabilunta jihar Ribas da jihar Kudu maso Gabas, abin da suka daɗe suna nema. Mafi yawan rijiyoyin mai da tashoshin jiragen ruwa na Fatakwal da Kalaba suka faɗa cikin waɗannan biyu, ƙasar Ibo ta rage ba ta da bakin teku. Raba Arewa kuwa ya kwantar wa mutanen Kudu da hankali a kan tsoron babbar jiha ɗaya da ta fi sauran duka girma, ya kuma faranta wa Tibi da sauran ƙabilun tsakiya rai, waɗanda 'ya'yansu ne suka cika rundunar soja. Bayan kwana uku, ranar 30 ga Mayu, Ojukwu ya yi shelar ƙasar Biyafara.

Gida Mai Hawa Uku

Gwamnatin da ta shiga yaƙin tana da hawa uku. A sama akwai Majalisar Ƙoli ta Soja, wadda ta ƙunshi Gowon, da shugabannin rundunoni, da Sufeto-Janar na 'yan sanda Alhaji Kam Salem, da gwamnonin jihohi. A takarda ita ce uwa, amma gwamnonin suna can jihohinsu, ba kullum ake zama ba.

Hawa na biyu shi ne Majalisar Zartaswa. Cikin Yuni 1967 Gowon ya kira farar hula ya naɗa su kwamishinoni, ba a ce da su ministoci ba. Awolowo ya zama Kwamishinan Kuɗi kuma mataimakin shugaban majalisar. Enahoro ya riƙe watsa labarai da ƙwadago, Malam Aminu Kano sadarwa, Joseph Tarka sufuri, Dokta Dikko ma'adinai da lantarki, Alhaji Yahaya Gusau raya tattalin arziki, Femi Okunnu ayyuka da gidaje. Shettima Ali Monguno ma yana ciki, Okoi Arikpo kuma shi ya riƙe harkokin waje a tsawon yaƙin. Wanda ya dubi sunayen zai lura mafi shahara a cikinsu 'yan hamayya ne a jamhuriya ta farko. Biyu ma daga kurkuku aka fito da su shekara guda kafin nan. Shigar Awolowo ita ta ɗaure Jihar Yamma a jikin tarayya, ta Tarka ta ɗaure ƙasar Tibi, ta Malam Aminu ta jawo talakawan NEPU. Amma ba wanda ya zaɓe su, babu majalisar da za ta tuhume su, kuma wanda ya naɗa su yana iya sallamarsu da sanarwa ɗaya.

Hawa na uku shi ne wanda jama'a ba su cika gani ba, watau manyan sakatarori. Tun da yake babu 'yan majalisa, hafsoshin kuwa samari ne da ba su taɓa riƙe ma'aikata ba, sai rubuta dokoki da tsara kasafi suka koma hannun irin su Allison Ayida, da Philip Asiodu, da Ahmed Joda, da Ibrahim Damcida, da Abdul Aziz Atta. Suna shiga zaman Majalisar Zartaswa su yi magana, wani lokaci har su saɓa wa kwamishinan da suke ƙarƙashinsa. Su ne suka hana ɓallewa a Ikeja, su ne suka warware Aburi, kuma ra'ayinsu ɗaya ne tun farko: gwamnatin tsakiya ta fi kowace jiha ƙarfi.

A Arewa canjin ya sauka har ƙofar fada. Sababbin jihohin sun fara aiki sosai ranar 1 ga Afrilu 1968, aka kafa wata hukuma a Kaduna ta riƙe kadarorin da aka gada daga tsohuwar gwamnati. A wannan shekara aka karɓe gidajen yari daga hannun En'e aka ba tarayya, aka fara narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya, kotunan alƙalai kuma suka fita daga hannun sarakuna suka koma ƙarƙashin gwamnatin jiha. Abin da NEPU ta yi shekara da shekaru tana kira a kai, dokar soja ta zartar da shi cikin 'yan watanni.

Rundunoni Uku, Sarakuna Uku

An fara harbi ranar 6 ga Yuli 1967 ta wajen Gakem da Nsukka. Da fari gwamnati ta kira abin aikin 'yan sanda ne na kama ɗan tawaye, ana zaton makonni kaɗan za a yi. Ranar 9 ga Agusta sojojin Biyafara a ƙarƙashin Victor Banjo suka ƙetare Kwara suka kame Binin, suka nausa har garin Ore a kan hanyar Ikko. Daga nan aka daina maganar aikin 'yan sanda.

Sojan da bai wuce kimanin mutum 10,000 ba kafin yaƙi ya kumbura har ya kai wajen 250,000 a ƙarshensa. Aka kira tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin Bama, aka ɗebi 'yan doka da leburori da 'yan makaranta, a ba mutum horon makonni kaɗan a tura shi daji. Aka kafa rundunoni uku: ta ɗaya a hannun Muhammadu Shuwa daga arewa, ta biyu a hannun Murtala Muhammad daga yamma, ta uku a hannun Benjamin Adekunle daga teku.

A nan ne raunin tsarin ya fito. Gwamnatin da ke iya rushe jiha da sa hannu ɗaya ba ta iya tanƙwara kwamandojinta ba. Kowane yana ɗibar sojansa, yana neman makamansa, yana gasa da ɗan'uwansa. Cikin Oktoba 1967 Murtala ya dage sai ya ƙetare kogi daga Asaba ya faɗa Anacha ta ruwa, alhali hedkwata ta ba da shawarar ya zaga ta tudu, aka yi asarar sojoji masu yawa. A cikin watan ne kuma sojojin runduna ta biyu suka harbe ɗaruruwan maza farar hula a Asaba, duk da littafin ƙa'idojin yaƙi da Gowon ya raba wa sojoji. Sai cikin Mayu 1969 Gowon ya iya canza kwamandojin gaba ɗaya, ya ba Iliya Bisalla runduna ta ɗaya, Gibson Jalo ta biyu, Olusegun Obasanjo ta uku. Wata takwas bayan haka yaƙin ya ƙare.

Makamai kuwa daga wurare biyu da ba sa ga maciji da juna suka zo. Ingila ta sayar da bindigogi da motoci masu sulke amma ta hana jiragen yaƙi, sai Rasha ta kawo jiragen MiG, aka sauke su a filin jirgin saman Kano cikin Agusta 1967, matuƙa daga Masar suka tuƙa waɗansu. Maƙwabta irin su Shugaba Diori Hamani na Nijar da Ahmadu Ahijo na Kamaru suka tsaya bayan tarayya.

Taska Ta Koma Tsakiya

Yaƙi ɗan kuɗi ne, kuma nan ne aka yi canjin da ya fi daɗewa. Awolowo da Gwamnan Babban Banki Clement Isong suka ƙuntata shigo da kaya, suka ƙara haraji, aka tilasta wa ma'aikata ajiyar wani kashi na albashinsu. Cikin Janairu 1968 aka canza takardun fam cikin 'yan makonni, kuɗin da Biyafara ta tara suka zama takardar banza.

A tsarin mulkin 1963 jihar da aka haƙo ma'adini a cikinta tana karɓar rabin kuɗin hayar ƙasa da na haƙa. Doka mai lamba 51 ta 1969 ta tabbatar da duk man da ke ƙarƙashin ƙasa da ruwa mallakar gwamnatin tarayya ne. Doka mai lamba 13 ta 1970 ta rage kason jihar da ke da mai zuwa kashi 45 cikin ɗari, ta ce asusun rabo a kasa shi biyu, rabi daidai wa daida tsakanin jihohi, rabi bisa yawan jama'a. A 1971 aka ce man cikin teku na tarayya ne ita kaɗai. A 1975 kason ya sauko zuwa 20. Tun daga nan jiha ta koyi jiran rabon wata, kuma kowace al'umma ta gane cewa samun jiha shi ne samun kaso.

Ba kowa ya haɗiye nauyin ba. Manoman koko na ƙasar Yarabawa suka yi boren Agbekoya a 1968 da 1969 saboda haraji, har suka fasa kurkukun Agodi a Badun. Sai da Awolowo ya taka da ƙafarsa ya je ya gana da shugabansu Tafa Adeoye, aka kuma rage harajin.

Baki Da Kotu

Doka mai lamba 24 ta 1967 ta ba Sufeto-Janar na 'yan sanda da shugaban hafsoshin soja ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba. Marubucin nan Wole Soyinka, wanda ya je Inugu ya gana da Ojukwu, ya yi fiye da shekara biyu a tsare, galibi a kurkukun Kaduna, ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba. A 1969 aka haramta yajin aiki.

Kotu ta gwada ƙarfinta sau ɗaya. Cikin Afrilu 1970, a shari'ar Lakanmi da ta shafi ƙwace dukiya, Kotun Ƙoli ta ce abin da ya faru a Janairu 1966 miƙa mulki ne na wucin gadi, saboda haka tsarin mulki yana sama da dokar soja. Ba a yi wata guda ba gwamnati ta kafa doka mai lamba 28 ta 1970, ta ce juyin juya hali aka yi, kuma duk hukuncin da ya taɓa dokar soja, na baya da na gaba, ba shi da tasiri. Mai karatu ya lura da kwanan watan: wannan ya faru ne bayan an ajiye makamai.

Ɗaya Ɓangaren

A Biyafara ma hanyar ɗaya aka bi, sai dai ta fi ƙunci. Ojukwu shi ne shugaban ƙasa, shi ne shugaban soja. Akwai majalisar tuntuɓa ta dattawa da sarakuna, amma aikinta amincewa ne. Ayyukan yau da kullum aka damƙa su ga hukumomi na musamman, ta abinci, ta mai, ta sufuri, ta farfaganda, da wata ta masana kimiyya da ke tace mai da ƙera nakiyoyi. Duk lokacin da gari ya faɗi sai a shiga farautar maciya amana. Cikin Satumba 1967 aka harbe Banjo da Emmanuel Ifeajuna da waɗansu mutum biyu a Inugu. Ƙasashe biyar kaɗai suka amince da Biyafara: Tanzaniya, Gabon, Kwaddebuwa, Zambiya da Haiti, Faransa kuma ta taimaka da makamai ta bayan fage.

Da tarayya ta toshe hanyoyin ruwa da na tudu, sai yunwa ta shiga. Gwamnatocin biyu suka yi ta jayayya a kan hanyar da abincin agaji zai bi, a teburin sulhu na Kampala da Yamai da Adis Ababa, yara kuwa suna mutuwa. Ƙiyasin da aka fi ambata ya haura mutum miliyan ɗaya, mafi yawansu farar hula. Babu majalisa ko jarida mai 'yanci a kowane ɓangare da za ta tilasta wa shugabanni su sassauta. Ojukwu ya tashi zuwa Kwaddebuwa, mataimakinsa Philip Effiong ya miƙa wuya a barikin Dodan ranar 15 ga Janairu 1970, shekara huɗu cif da juyin farko.

An Ajiye Bindiga, Ba A Ajiye Iko Ba

Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka kayar, kuma ba a yi shari'ar ramuwa ba, abin da duniya ta yaba. Amma mutanen Gabas da suka taɓa ajiyarsu ta banki a lokacin yaƙi fam 20 aka ba kowannensu, gidajen da suka bari a Fatakwal kuma da yawa ba su dawo hannunsu ba. Hukumar Bautar Ƙasa da ke Maitama an kafa ta ne da dokar soja ranar 22 ga Mayu 1973, domin matasa su san ƙasar da aka yi yaƙi a kanta.

Ranar 1 ga Oktoba 1970 Gowon ya yi alkawarin miƙa mulki a 1976. Awolowo ya ajiye aiki a 1971, Alhaji Shehu Shagari ya gaje shi. Kuɗin mai suka yi ta kwarara, gwamnonin da aka naɗa don yaƙi suka shekara takwas a kujera. Waɗansu sun bar aiki a ƙasa, kamar madatsar ruwan Tiga da Audu Bako ya gina, amma babu mai iya ce musu don me. Ranar 1 ga Oktoba 1974 Gowon ya ce 1976 ba za ta yiwu ba. Ranar 29 ga Yuli 1975, yana taron ƙasashen Afirka a Kampala, hafsoshin da suka yi masa yaƙi suka tuɓe shi.

Murtala ya fitar da gwamnoni daga Majalisar Ƙoli ya mai da su kamar kwamandojin da aka tura aiki, binciken da ya sa aka yi kuma ya sami goma daga cikin sha biyun da laifi. Ya sallami ma'aikata fiye da 10,000, har da waɗansu daga cikin manyan sakatarorin nan. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 ya mai da jihohi 19, ya kuma yi shelar sabon babban birni a tsakiyar ƙasa bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Gwamnati ta tashi daga barikin Dodan ta koma Abuja ranar 12 ga Disamba 1991.

Jihohi 36 da ake da su tun 1996, dokar soja ce ta yanka su. Tsarin mulkin 1999 ma da dokar soja aka ƙaddamar da shi, ya zo da abubuwa 68 da tarayya kaɗai ke da ikon yin doka a kansu, har da 'yan sanda da ma'adinai, ya kuma ba jihohi masu mai kashi 13 cikin ɗari. Yaron da aka haifa a Agege, wanda bai taɓa kwana bakwai a Katsina ba, in zai cika takardar neman aiki sai an tambaye shi jiharsa ta asali, jihar da ba ta wanzu ba lokacin da kakansa ya sauka a tashar Iddo. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam kuwa, wadda gwamnatin Janar Abacha ta kafa a 1995, tana zaune a kan titin mutumin da dokarsa ta farko ta rufe bakin kotu.

Aron ikon da aka yi saboda yaƙin wata talatin yana komawa ga masu shi, amma tafiyar hawainiya yake yi. Gidajen yarin da aka karɓe daga En'e a 1968, sai a 2023 aka gyara tsarin mulki aka ba jihohi damar kafa nasu, tare da jiragen ƙasa da wutar lantarki. Tsakanin karɓa da mayarwa shekara 55 ke nan.